"Mu Haɗu a Kashi na Biyu": Daɗi da Takaicin 'Yan Kallo Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Da la'asar sakaliya, idan ma'aikatan Abuja suka taso, titin da ya tashi daga AYA ya gangara Nyanya ya faɗa Mararraba yakan cushe, ba masaka tsinke. Tafiyar da ba ta fi ta minti 20 ba idan hanya ta yi sarari sai ta lashe awa guda, wani lokaci biyu. A kujerar bayan motar haya, mutum huɗu a matse, wani zai zaro waya daga aljihun gaba, ya cusa abin sauraro a kunne ɗaya, ya kunna shirin da ya sauke tun a ofis. Na kusa da shi, wanda ko gaisawa ba su yi ba, sai ya karkato kai. Kafin a wuce gadar Karu sun zama abokan kallo, har ɗaya na yi wa ɗaya bayanin wace ce kishiyar wace. Ana dab da jin abin da likita ya gani a takardar gwaji sai hoto ya daskare a kan fuskar jaruma, kiɗa ya tashi, rubutu ya fito cewa a tara mako mai zuwa. Tsaki biyu ke tashi lokaci guda. Mai wayar ya rantse ya bar kallon shirin ke nan, an mayar da mutane yara. Ran Juma'a mai zuwa kuwa da ɗokinsa zai sake sayen data.

Wannan tsaki ya girmi wayar, ya girmi titin, ya ma girmi birnin kansa. Bahaushe ya doshi shekara 90 yana kallon hoto mai motsi, kuma abu biyu yake nema tun ranar farko: ya ga kansa da mutanensa a allo, sannan a kai shi ƙarshen labari. Da wuya aka taɓa haɗa masa biyun a lokaci guda. Duk zamanin da ya miƙo masa ɗaya sai ya janye ɗayan.

Farin ƙyalle a ƙofar fada

Da majigi aka fara. Tun a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka ke yawo da mota mai ɗauke da injin haska hoto da janareta, a 1939 kuma suka kafa sashe na musamman a Ingila domin shirya finafinan da za a nuna wa talakawan ƙasashen da suke mulka. Wanda ya jagoranci sashen, William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya ne a Legas, kuma hakan ya nuna a irin kayan da motar ke ɗaukowa: yadda ake haƙa masai, yadda ake yaƙi da ɓera da sauro, amfanin rigakafi, noman auduga da gyaɗa, sai labaran Sarkin Ingila, daga baya kuma rangadin Sardauna.

Motar takan iso gari da rana. A kai gaisuwa wurin sarki ko hakimi, mai shela ya zaga unguwanni, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta. Manya a kan kujeru, yara a zube cikin ƙura, wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana fassara abin da ake gani. Ko anini ba a biya. Ganin mutum mai babbar riga da hula yana tafiya a jikin ƙyalle, kamar yadda aka gani a Baban Larai na 1955, abin mamaki ne da ake kwanaki ana maganarsa. Sai dai darasi ne aka yafa wa rigar labari. Manomin da ya bi shawarar malamin gona zai cika rumbu, wanda ya ƙi zai tsiyace, kuma tun a minti biyar na farko kowa ya san inda aka dosa. Motar kuma idan ta tada ƙura ta tafi, sai dai a yi ta zuba ido wata da watanni.

Dodon bango

Labari mai soyayya da faɗa da kuka sai a silima, nan kuwa kuɗi ake biya. Kwarori, 'yan kasuwar Labanan ɗin da sunansu ya bi Kantin Kwari, su ne suka fara gina gidajen silima a Kano daga ƙarshen shekarun 1930, irin su Rex da Rio, duk a wajen ganuwa. Mutanen birni ba su yi maraba da abin ba, har suna kiransa dodon bango. Ranar 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a silimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum fiye da 300 suka rasu, kuma da yawa suka ɗauki gobarar a matsayin ishara. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, cikin ƙorafin malamai da dattawa. Plaza da Orion da Wapa da Eldorado da Marhaba suka biyo baya.

Da finafinan Amurka da Ingila aka soma, amma da Kwarorin suka gwada na Indiya, sai kasuwa ta kama hanyar da ba ta sake saki ba. Mother India na 1957 ya yi shekara da shekaru yana cika silima. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a kan waɗancan bencina: ga uwa mai haƙuri, ga uba mai tilasta aure, ga talaka da ya ƙyalla ido a kan 'yar mai kuɗi, ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga rawani da dogayen riguna. 'Yan kallo ba su jin yaren, amma suna jin labarin. Har suna suka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Muryoyin waƙoƙin suka shiga gari, har masu bandiri suka ɗauki wasu suka ɗora musu begen Manzo.

A silima ɗan kallo ya samu labari cikakke. Awa uku, mugu ya faɗi, masoya su haɗu, a kunna fitila kowa ya kama hanyar gida. Takaicinsa na daban ne. Yawancin gidajen ba su da rufi, ruwan sama na iya tashin kallo. Fim ɗin da ya sha yawo daga Legas zuwa Jos zuwa Kano yakan iso da tabo da yanke-yanke, ya tsinke ana tsakiyar faɗa, ihu da fito su tashi a kan mai injin. Silima ta yi ƙaurin suna a matsayin matattarar 'yan iska, don haka matar aure ba ta zuwa, ɗan mutunci kuma sai a ɓoye. Uwa uba, fuskokin na mutanen Bombay ne. Da Adamu Halilu ya fito da Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutane sun ga cewa za a iya yin babban fim da Hausa. Amma fim na silima kuɗi ne mai nauyi, sai a yi shekaru ba a ga irinsa ba.

Zamanin Samanja

Talabijin ce ta fara kusantar haɗa wa ɗan kallo buƙatunsa biyu. An buɗe tashar Kaduna a 1962, a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta assasa wa Kano tata tashar, CTV, wadda yau ake kira ARTV. Ta wannan akwati ne finafinan Indiya suka tsallaka zaure suka isa ga matan da ba su taɓa taka silima ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa NTA Kano kaɗai ta nuna fim ɗin Indiya fiye da 1,000 tsakanin 1977 da 2003.

Amma abin da dattawan yau ke tunawa da murmushi shi ne wasan kwaikwayo. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya zama Samanja Mazan Fama, yana gwama Hausa da Turancin bariki yana daka wa kurata tsawa. Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Jos ta ba da Karkuzu na Bodara, Kano ta ba da Kuliya Manta Sabo. A unguwa guda gida ɗaya ko biyu ne ke da talabijin, baƙi da fari, a cikin akwatin katako mai ƙofa. Ranar wasa tsakar gidan kan cika da yaran maƙwabta, waɗanda ba su samu wuri ba su ɗafe taga. Mutanen da ke cikin akwatin irin na unguwa ne: mai gida mai faɗa, ɗan haya mai wayo, alƙali, dillaliya. Kuma kowane mako da labarinsa. Rigimar da aka buɗe da ita ƙarfe takwas, kafin tara an kashe ta.

Wutar NEPA ce babbar abokiyar gaba a lokacin. Idan ta ɗauke ana tsakiyar wasa, shi ke nan, ba maimaici, sai dai gobe a ji ƙarshen daga bakin 'yan unguwar da tasu ba ta ɗauke ba. Daga 1986 kuma, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya fara cizo, kuɗin shirya wasanni a tashoshi ya ƙafe. Pategi ya rasu a 2023, Ƙasimu Yero tun 2017, kuma mai neman ayyukansu yau gutsattsari kawai zai tarar a YouTube, hoto na rawa, murya na shaƙewa.

Sa'annin juna

A nan ne Abuja ta shigo labarin. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, tsohuwar Abuja ta sallama sunanta ta koma Suleja. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Babangida ya tare a Abuja. Birnin da masana'antar sa'anni ne, tare suka yi rarrafe, tare suka miƙe.

Sabon birni bai gaji filin majigi ko tsohuwar silima ba. Abin da ya samu shi ne baƙi. Leburori da direbobi, masu shayi da mahauta, 'yan canji na Zone 4, 'yan katako na Dei-Dei, masu gadi, da ma'aikatan gwamnati da aka taso daga Legas da Kaduna. Da yawansu sun baro iyali a Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato, sai ƙarshen wata ake leƙa gida. Ga irin wannan mutum kaset ɗin Hausa maganin kewa ne. Daga Bata da Ƙofar Wambai ake ɗauro su cikin kwali, su bi ta Kaduna su sauka Zuba, daga nan su watsu shagunan haya a Gwagwa da Kubwa da Nyanya da Gwagwalada. A gidan kallo na langa-langa, kan benci, ga janareta na ƙugi a baya, mutum zai ga soro da tsakar gida, ya ji ana gaisuwa irin ta garinsu, ya manta na awa biyu cewa ɗaki ɗaya suke kwana su biyar.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga littafi ya koma kaset a shekarun 1990. Sangaya na 1999, inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito, ya nuna wa 'yan kasuwa irin kuɗin da ke cikin waƙa da kiɗan fiyano. Wasila ya biyo baya a 2000. A shekarar 1999 ɗin ce Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, Sunusi Shehu kuma ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. A karon farko ɗan kallo ya samu inda zai rubuta ra'ayinsa a buga, kuma shafukan wasiƙu suka cika da yabo da ƙorafi. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne cewa harshen namu ne, fuskokin namu ne, amma labarin na Indiya ne aka sa wa hula. Saurayi da budurwa na zagaya bishiya suna waƙa, an canja kaya sau biyar a baiti uku. Masu shiryawa kuma amsarsu ɗaya ce: fim ɗin da ba waƙa a kanta yake kwana, kuma masu ƙorafin su ne masu saye.

Ɗan kallon Abuja yana da nasa ƙarin abin lura. A finafinan wancan lokaci, idan aka ce Alhaji ya tafi Abuja, ana nufin ya tafi ɗebo kuɗi, ya dawo da jaka da sabuwar mota. Mai kallon da ke tashi da asuba ya kama motar Mararraba ya san wata Abujar daban, musamman bayan rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006 sun tura dubban talakawa zuwa garuruwan gefe. Wannan Abujar ba kasafai take fitowa a kaset ba.

Babban abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne kashi na biyu. 'Yan kasuwa sun gano cewa labari ɗaya idan aka raba shi kaset biyu, ciniki biyu ke nan, idan aka raba huɗu, huɗu. Sai a cika farkon kaset da tallan wasu finafinai, a zuba waƙa uku, a nuna mota tun daga fitowarta gida, mai gadi ya buɗe ƙofa, ta hau titi, ta sha kwana, ta isa, wani mai gadin ya buɗe wata ƙofar. Daidai lokacin da uwargida ta ɗaga labule ta ga abin da bai kamata ta gani ba, sai rubutu ya hau allo: mu haɗu a kashi na biyu. Wani lokaci mako biyu ake jira, wani lokaci wata uku. Akwai finafinan da kashi na biyunsu bai taɓa fitowa ba, domin na ɗayan bai mayar da kuɗi ba. Shi ya sa mutane da yawa suka fi sakin jiki da barkwancin Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014: ko daga ina aka kama, an samu abin dariya.

Hukuma ma ta sa baki. Bayan ƙaddamar da shari'a, Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, a 2007 kuma aka ƙara ɗaure igiya har wasu masu sana'ar suka koma aiki a Kaduna da Jos.

Da kasuwa ta faɗi

Kaset ya ba wa faifan sidi wuri, sidi kuwa sauƙin kwafa gare shi. Kafin mai fim ya mayar da uwar kuɗinsa, masu satar fasaha sun cika kasuwa. Sai wayar hannu mai ɗaukar katin ajiya ta iso, tare da ita kuma sabuwar sana'a: matashi da kwamfutar cinya a ƙarƙashin lema, a bakin kasuwar Wuse ko tashar Jabi, yana tura wa mutane finafinai a waya da 'yan canji kaɗan. Tashar Africa Magic Hausa, da aka buɗe a 2010, ta kawo fim har falo ba sai an je shago ba.

A daidai wannan gaɓa tsohuwar zuma ta dawo da sabon salo. Kamfanoni irin su Algaita suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, musamman na kudancin ƙasar masu faɗa da tashin motoci. Jikan wanda ya kalli Dharmendra ba tare da jin kalma ɗaya ba, yau ga shi yana jin jarumin Indiya na magana da karin 'yan Kano, har da habaici da baƙar magana. Labari cikakke ne, an kashe masa kuɗi, kuma a zama ɗaya ake gamawa. 'Yan Kannywood suka koka cewa fassara ta kashe musu kasuwa. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar daga Abuja cewa za ta gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye maganar. A waɗannan shekaru manyan furodusoshi da dama sun rage aiki, wasu sun koma wata sana'ar.

Dogon zango

Ceto ya zo ta hanyar da aka baro tun zamanin Samanja, wato shirin mako-mako. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, labarin wani gari da ke cike da irin mutanen da kowa ya sani: Malam Nata'ala da almajiransa, Kamaye da Adama, 'yan gudun hijira, matasa masu shaye-shaye. A 2019 ta ƙaro Kwana Casa'in, wanda ya shiga siyasa da cin hanci da aikin jarida a wani gari mai suna Alfawa, har Ado Gidan Dabino ya fito a matsayin malamin makarantar da ya zama gwamna. Ma'aikacin Abuja da ya san yadda fayil ke ɓata a ofis ya ga abin da ya sani a allo. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuma ya dawo da dariyar iyali.

Sai annobar korona. Daga 30 ga Maris, 2020, aka kulle Abuja da Legas, daga baya Ogun da Kano. Mutane na zaune a gida, waya a hannu. A shekarar ce Izzar So na Lawan Ahmad ya mamaye YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya mayar da daren da ake nuna shi lokacin da ba a son baƙo. An yi ta muhawara a kan wanda ya dace da Sumayya ta Labarina tsakanin Mahmud da Presido da Lukman kamar maganar 'yar uwa ake yi. Waƙa ta ragu, hoto ya yi kyau, magana ta koma irin ta gida. Rabin buƙatar ɗan kallo ya biya: ya ga kansa.

Sauran rabin ne ya ƙi samuwa, kuma dalilin na kuɗi ne, kamar na zamanin kaset. YouTube da talla yake biya, tallan kuma gwargwadon yawan kallo da tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo. Shirin da ya karɓu shi ne gonar mai shi, ranar da ya ƙare kuwa sai an sake neman 'yan kallo daga farko. Don haka labarin da zango biyu ya ishe shi sai ya kai biyar, ya kai goma. A ƙirƙiro sabon mugu, a dawo da wanda aka ce ya mutu, a cinye kashi guda ana maimaita abin da ya faru a baya, a katse zance da tallan fili ko maganin gargajiya. Sau da yawa ana rubutu ana ɗauka ana saki a mako guda, ba wanda ya zauna ya tsara ƙarshe tun farko. Shiri idan ya yi shekaru kuma, rayuwa na shiga cikinsa. Da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ce ta karɓi matsayin Sumayya, masu kallo suka rabu biyu, wasu suka saba, wasu suka ce ba za su iya ba. Izzar So ya rasa daraktansa, Nura Mustapha Waye, a shekarar. A watan Mayu na 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun kai su tantancewa kafin saki.

Ba Hausawa kaɗai ke wannan kuka ba. Da shirin Game of Thrones na Amurka ya ƙare a Mayun 2019 bayan zango takwas, mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe. Wanda ya ba labari shekarunsa yana jin yana da haƙƙi a kan yadda za a rufe shi. Ɗan kallon Nijeriya kuma har da kuɗinsa yake bayarwa: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, daga hedikwatarta a Abuja, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kashi guda da aka cika da surutu yanzu asara ce da ake iya lissafawa da naira.

Abuja ta zama wurin da ake yanke hukunci a kan fim fiye da wurin da ake yin na Hausa. A nan hedikwatar NTA take, a nan hukumar tace finafinai ta ƙasa take, a nan ake bikin baje kolin finafinai na Zuma. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, wanda ya yi Sangaya yana matashi, shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya mai mazauni a Jos. Birnin yana da silimu masu sanyi da kujerun alfarma, a Silverbird da Jabi Lake Mall, amma finafinan Amurka da na Legas ne ke cika allunansu, na Hausa sai jefi-jefi.

Babbar silimar Hausawan Abuja tana teburin mai shayi. A Gwagwa ko Dei-Dei ko Masaka, daren Juma'a bayan isha'i, za a jingina waya a jikin gwangwanin madara, a ƙure mata murya. Ɗan acaɓa ya kashe babur ya zauna, mai gadi ya jawo benci, yaron shago ya tsaya daga baya riƙe da burodi. Wanda ya kalli zangon baya yana yi wa sabon zuwa fassara, kamar yadda mai lasifika ke yi a ƙofar fada shekara 70 da suka wuce. Idan hoto ya daskare aka ce a tara mako mai zuwa, sai gardama ta ɓarke a kan ko Hajiya ta gane muryar da ta ji a waya. Mai shayi ya ɗauke wayar ya maƙala ta a caji, ya zuba wa mai gadi ruwan zafi, ya tambayi wanda zai kawo data ran Lahadi, domin akwai wani shirin da ke fita.